Taurarin Farfesa

A benenmu mai hawa huɗu, in ka ce Farfesa kowa ya san wanda kake nufi: mutumin hawa na biyu, ƙofar hagu, mai tafiya yana kaɗa makullai. Ƙofarsa tana kallon tawa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi.

Yana aiki ne a wata cibiya da ake koya wa yara masu jinkirin magana da masu wuyar sha'ani. Shi ke buɗe ƙofa da safe, ya jera kujeru, ya buga takardu a inji, ya kai wa ma'aikata shayi. Aiki ne na mutunci, babu wanda ya raina shi sai mai yin sa. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Muna fannin ƙwaƙwalwa."

Wata rana cibiyar ta shirya wa ma'aikatanta bitar kwana uku kan gyaran ɗabi'ar yara. Farfesa aka ɗora a kan danna majigi. Rabin lokacin yana waje yana wanke kofuna, saboda haka kowane darasi kansa ya ji, bai ji wutsiyarsa ba. Ranar da aka gama sai ga shi ya dawo da jakar bita da ta yi saura, da wani ƙaton kwali, da taurari na mannawa, da ledar alawa, sanye da farar rigar likitoci da ya sayo a gwanjo, hannunta ya rufe masa yatsu.

A gindin matakala ya tarar da Baba Fansho, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune a gidan da ke ƙarƙashin nasa, yana shan iska a kujerar roba.

Baba Fansho ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma yaushe ka koma sayar da nama?"

"Baba, ilimi ne wannan. Daga yau an gama kukan yara a benen nan. Ɗabi'a ai lissafi ce. Yaro ya yi abin kirki, ka ba shi lada. Ya yi na banza, ka yi kamar ba ka gani ba. Shi ke nan fa! Abin da mutane ke shekara bakwai a jami'a suna nema, ni na kwashe shi a kwana uku."

"Wa ya ba ka?"

"Basira, Baba."

"To, ka gaishe ta."

A gidansa ya fara. Yana da 'yan biyu maza, 'yan shekara shida, ɗaya muna ce masa Dogo ɗaya Gajere, ko da yake tsawonsu ɗaya. Yara ne masu ƙiriniya daidai misali, irin wadda tsawa ɗaya daga uwarsu ke kashewa. Farfesa ya hana tsawa. Ya manna kwalin a bangon falo, ya ja layi, ya kafa doka: duk wanda ya daina kuka, tauraro ɗaya. Taurari biyar, alawa ɗaya.

Kwana ɗaya tak yaran suka yi suka gane cewa ba a daina kuka sai an fara shi. Da gari ya waye Dogo ya tsaya a tsakiyar falo ya tsala ihu, ya yi shiru, ya miƙa hannu. Gajere ya karɓa. Haka suka dinga yi bi da bi kamar masu canjin aiki. Kafin azahar kwalin ya cika, har sun fara mannawa a jikin firiji.

Na leƙa na ce, "Farfesa, lafiya? Tun safe muke jin kamar ana yanka wani."

Ya nuna mini kwalin yana murmushi. "Maƙwabci, duba. Yau kaɗai sun daina kuka sau talatin da huɗu. Da can sau biyu kawai suke dainawa."

"Da can ai sau biyu suke yi."

"Kai matsalarka ba ka san alƙaluma ba."

Doka ta biyu: wanda ya tsince shara, tauraro. Yaran suka kifar da kwandon sharar gidansu suka tsince. Da ta ƙare suka bi ƙofa ƙofa suna kwashe ta maƙwabta, su zazzage a matakala, su tsince rabi su bar rabi don gobe. Wata mata ta hawa na uku ta taka ɓawon ayaba ta sauko matakala shida a zaune. Doka ta uku: wanda ya ba ɗan'uwansa haƙuri, taurari biyu. Nan ne aka fara jin ƙarar mari, tas! "Yi haƙuri." Tas! "Kai ma yi haƙuri." Farfesa ya ce bai taɓa ganin yara masu ladabi irin nasa ba.

Da ya ga abu yana tafiya, sai ya juya kan matarsa. Maman 'yan biyu mace ce mai haƙuri, amma haƙurin nata yana da gefe. Ta kawo masa shayi, ya kurɓa, ya ciro tauraro ya manna mata a bayan hannu.

Ta kalli hannun. "Baban 'yan biyu, mene ne wannan?"

"Ƙarfafa ɗabi'a. Kin kawo a kan lokaci. In kika tara biyar..."

"In na tara biyar me?"

"Akwai alawa."

Ta ɓanɓare tauraron a hankali ta jefa masa a cikin shayin. Ta fara faɗa, shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon silin, yana ƙirga daƙiƙu a agogo. Ta ce magana take yi masa. Ya ce da bango, ba da ita ba, "Ɗabi'ar da ba a so, ba a kula ta."

"Haka littafin ya ce?"

"Haka ilimi ya ce."

Ta ce, "Madalla."

Washegari ya dawo daga aiki ya ce yunwa yake ji. Ta ɗaga kai tana kallon silin. Ya maimaita. Ta duba agogo. Kwana uku yana cin burodi a shagon ƙasa, yana gaya wa mai shagon cewa gwaji yake yi a kan kansa.

Ranar Lahadi da hantsi Gajere ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, kan famfon ya cire a hannunsa. Ya fara kwarara ihu: "Baba! Ruwa! Baba, ruwa!" Uwar ta zabura, Farfesa ya tare ƙofar falo da hannuwa biyu.

"Kada ki je. Neman a kula shi yake yi. In kika je, kin koya masa."

"Yaron cewa yake ruwa!"

"Jiya cewa ya yi kunama. Minti goma kawai. Za ki ga ya yi shiru da kansa."

A minti na shida ruwa ya shigo falo yana tura takalma a gaba. A minti na takwas aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Baba Fansho ne, da lema a buɗe, rigarsa sharkaf, rediyonsa a hammata yana ɗiga.

"Shekara talatin da biyar ina jan jirgi, ruwan sama bai taɓa dukana a cikin ɗaki ba sai da ka yi ilimi!"

Farfesa ya tsaya cikin ruwa har idon sawu ya ce, "Baba, ka lura dai yaron ya yi shiru."

"Ya yi shiru mana, iyo yake koya!"

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu yi. Amma a hawa na huɗu akwai Anti Tela, mai ɗinki a falonta, mijinta yana aiki a nesa. Tana da yaro ɗaya, ɗan shekara huɗu, muna ce masa Ɗan Anti. Ba ya magana. Sau biyu a mako take kai shi cibiyar da Farfesa ke aiki, kuma cikin wata takwas malamarsa ta koya masa amfani da wasu katuna masu hoto: kofi in yana son ruwa, gado in ya gaji, ƙofa in yana son fita, hannu a kunne in ƙara ta dame shi. Kafin katunan, wuni yake yana kuka yana cizon hannunsa, don babu mai gane abin da yake so. Da katunan gidan ya samu lafiya.

Farfesa ya hau har sama da farar rigarsa ya same ta a kan keken ɗinki.

"Anti, wata takwas, ko kalma ɗaya? Ni fa a ciki nake, na san su. Jan abu suke yi. Yarinyar da ke koya masa ma, ni nake gyara mata takardunta."

Wannan gaskiya ce ta wani gefen: shi ke haɗa su da ƙusar takarda.

Ya ce, "Katunan nan su suka hana shi magana. Me zai sa ya buɗe baki alhali kwali yana yi masa? A ɗauke su, a daina kula kukan, in ƙishi ya kama shi zai ce ruwa. Ki ba ni mako biyu."

Anti Tela ta tsayar da keken. Uwa ce da ta shekara huɗu tana jiran a ce mata Mama. Ta ce, "Farfesa, ka tabbata?"

"Anti, ni da kike gani, shugabar cibiyar ma sai ta rufe ƙofa take tambayata."

Ta ba shi katunan, ya zuba a jakar bita. Ta daina kai yaron.

Kwana huɗu, kuka ya dawo hawa na huɗu. Kwana bakwai, yaron ya koma cizon hannu har ya yi shati. Anti Tela ta sauko idonta jawur. Farfesa ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi! Alamar nasara ke nan. Sai abu ya yi tsanani kafin ya mutu. An faɗa a bita." An faɗa ɗin kuwa, amma abin da aka faɗa bayan nan, yana wajen wankin kofi.

Maimakon ya ji tsoro, sai ya buga sanarwa da injin cibiyar, a kan takarda mai tambarin cibiyar, ya manna a kowane hawa: ranar Asabar da ƙarfe goma, a filin ajiye motoci, za a yi lacca da gwaji a bainar jama'a, daga bakin ƙwararre. A zo da yara.

Abin da bai sani ba, ranar Juma'a malamar yaron ta kira Anti Tela ta tambayi dalilin da ya sa ba a kawo shi sau huɗu ba. Anti Tela ta ce ai Farfesanku ne ke duba shi a gida. Malamar ta ce wane Farfesa? Aka kwatanta mata. Sai malamar ta ce bari ta haɗa ta da Likita, shugabar cibiyar. Likita ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kada ki gaya masa komai. Ƙarfe nawa ne laccar?"

Asabar ta zo. Farfesa ya jera kujeru arba'in, ya aro lasifika mai ƙugi, ya kafa teburi. Mutane suka cika, har da na benen da ke kallon namu, don labarin ruwan ya zaga. Don ya ƙara kwarjini, ya sa wani tabarau mai kauri da ya tsinta a aljihun rigar gwanjon. Da shi ba ya ganin abin da ya wuce taku biyar. Saboda haka bai ga wata mace mai ruwan tokar mayafi da ta zo ta zauna a layin baya kusa da Baba Fansho, ta ciro ɗan littafi da biro ba.

Ya hura lasifika ya fara. "Jama'a, yaro kamar rediyo yake, in ka san maɓallin, shi ke nan. A cibiyarmu ni ne ke sa ido a kan ma'aikata. Ita kanta shugabar, baiwar Allah, tana da ƙoƙari, amma sai na dinga dafa mata. Jiya-jiyan nan na ce mata, Likita, ki rage gaggawa."

Matar layin baya ta rubuta wani abu. Baba Fansho ya leƙa ya ce, "Hajiya, ke ma ɗaliba ce?" Ta ce, "Sosai, Baba."

"Yanzu ga gwaji na farko," in ji Farfesa. "'Ya'yana. Za su zauna minti biyar babu motsi."

Dogo da Gajere suka fito cikin kaya iri ɗaya, suka zauna. Suka yi daƙiƙa kamar goma. Sai Dogo ya tashi ya ja lasifikar zuwa bakinsa ya ce, "Baba ya ce alawa goma-goma zai ba mu. Ashirin muke so."

Fili ya ɗauki dariya. Farfesa ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Kun ga ƙarfin hali? Ni na koya musu." Ya sunkuya ya ce ƙasa-ƙasa, ya manta lasifika tana kusa, "Sha biyu, don Allah, ku rufa mini asiri."

Gajere ya buɗe baki ya tsala ihu. Hannun Farfesa ya faɗa aljihu ya fito da alawa. Shiru. Dogo ya tsala nasa. Alawa. Gajere. Alawa. Haka aka yi ta yi har ledar ta ƙare. Ihu na gaba, ya miƙa wayarsa. Na bayansa, makullansa. Na bayan wannan, ya laluba aljihu bai sami komai ba, ya cire agogo.

Wata mata ta ce, "Saura takalmi!"

Baba Fansho ya ɗaga murya: "Ku yi ta yi, yara, gidan ma zai sa muku hannu!"

Maman 'yan biyu tana tsaye a baranda. Ta ce kalma ɗaya tak, "Kai!" Yaran suka ajiye komai suka zauna kamar an dasa su. Farfesa ya share gumi ya ce, "Kun gani? Sakamakon yakan ɗan yi jinkiri."

Mai hankali da nan zai rufe taro. Shi kuwa sai ya ce a kawo Ɗan Anti, yau zai yi magana a gaban kowa.

Anti Tela ta fito da shi tana waige-waige. Rana ta yi zafi, mutane sun yi yawa, lasifika ta yi wata ƙara mai huda kunne. Yaron ya toshe kunnuwansa, ya zube ƙasa, ya fara kuka yana kai hannu baki. Dariya ta ɗauke a filin. Farfesa ya ɗaga kofin ruwa sama inda yaron ba zai kai ba, yana cewa, "Ce ruwa. Ru-wa." Sannan ya juyo ga jama'a: "Kowa ya juya baya! Kada wanda ya kalle shi! Anti, har ke!"

Wasu sun fara juya kujeru. Matar layin baya ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta zo ta zare wayar lasifikar daga soket, ta karɓe kofin daga hannunsa.

Farfesa ya ce, "Baiwar Allah, koma ki zauna, kina ɓata gwaji. Tambayoyi sai a ƙarshe."

"Cire tabaran nan, Malam."

Muryar ya fara ganewa. Ya cire. Ya gan ta sarai.

"Li... Likita. Sannu da zuwa. Ai da kin faɗa, da na..."

"Ina katunansa?"

Ya zazzage jakar bita a kan teburi. Ta tsince katunan, ta ce jama'a su ja baya, ta durƙusa a gefen yaron ta yi masa inuwa da mayafinta. Ta shimfiɗa katuna huɗu a ƙasa ta jira. Kukan ya ragu. Yaron ya kalle su, ya miƙa hannun nan mai shatin haƙora, ya ɗauki mai hoton hannu a kunne ya ba ta. Ta ce, "Na ji. An kashe." Ya sake ɗaukar mai kofi. Ta ba shi ruwan, ya shanye tas. Sannan ya ɗauki mai ƙofa ya kai wa uwarsa.

Anti Tela ta ɗauke shi, hawaye yana zuba. Likita ta ce mata, "Yana magana, Maman yaro. Wata takwas ya yi yana koyon wannan. Ki kawo shi Litinin, za mu ɗora daga inda aka tsaya." Anti Tela ta wuce ta gaban Farfesa ba ta ko kalle shi ba.

Likita ta miƙe ta buɗe ɗan littafinta. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na baranda sun ji.

"Malam, na zauna minti ashirin da biyar. Yaranka sun yi ihu sau goma sha tara. Sau goma sha tara hannunka ya shiga aljihu, ko sau ɗaya ba ka kuskure ba. Shekarata goma sha shida a aikin nan, ban taɓa ganin wanda aka horar ya horu irinka ba. Duk benen nan mutum ɗaya aka gyara wa ɗabi'a, kuma 'yan shekara shida ne suka yi aikin."

Baba Fansho ya yi dariya har lemarsa ta faɗi.

Ta ci gaba: "Wannan abin dariya ne. Na yaron can ba abin dariya ba ne. Mu da muka karanta, babu wanda ke taɓa yaro shi kaɗai sai da wani a sama yana duba aikinsa. Ni ma akwai mai duba nawa. Kai wa ke duba naka?"

Ta nuna farar rigarsa.

"Cire rigar."

Ya fara cirewa, dogon hannun ya maƙale a gwiwar hannunsa, ya dinga juyi a tsakiyar fili kamar kaza a cikin buhu, sai da matarsa ta sauko ta fizge ta. Ta naɗe ta ce za ta yi tsumman goge ƙasa, dama ruwan ranar nan bai gama bushewa a ƙarƙashin kujeru ba.

Litinin aka ba shi takardar tuhuma mai shafi biyu, aka dakatar da shi wata guda, kuma aka ce ko ya dawo, tsakaninsa da ɗakin yara sai dai ya hango ta taga. Ɗan Anti ya koma wurin malamarsa. Sai da ya yi mako shida kafin hannunsa ya warke ya daina cizo. Har yau in Anti Tela ta haɗu da Farfesa a matakala, bangon take gaisarwa.

Ni kuwa na ɗauka mutumin zai yi wata guda bai fito ba. Ranar Larabar makon da aka dakatar da shi na shiga shagon aski na kan kwana, sai na ji murya daga kujerar ciki, an lulluɓe mai ita da zane har wuya, yana ba mai aski labari.

"Ranar hutunta fa! Shugabar cibiya guda, ta bar gidanta ta zo ta zauna a layin baya kamar kowa. Tun da na fara magana take rubutu, ba ta ɗaga kai ba. Shafi biyu cur!"

Mai askin ya ce, "Ikon Allah. To, me ta yi da rubutun?"

Farfesa ya hango ni a madubi. Muka kalli juna. Ya gyara zama ya ce, "Ta buga shi a inji, ta sa hannu, ta ba ni in ajiye."